An Buga Ƙararrawa, Saura Sa Hannu

Duk wanda ya taɓa shiga karar shanu ta Wudil ran Juma'a ya san yadda ciniki ke tafiya. Mai saye ya dubi sa, ya kewaya shi, ya taya. Dillali ya ce albarka. Ya ƙara, dillali ya sāke cewa albarka. In tayi ya kai inda dillali ya ga da dama, sai ya ce, "Dakata in ji daga bakin mai shi." Ya tafi can gefe inda mai sa ke zaune, su yi ƙus-ƙus, ya komo. In ya ce an sallama, ciniki ya faɗa, sa ya zama na mai saye ko da bai kama igiya ba tukuna. In kuwa ya komo ya ce mai shi bai yarda ba, ba wanda zai kai ƙara gaban Sarkin Kasuwa wai an ƙwace masa sa, gama kowa ya shaida ba a sallama masa ba.

Wannan abin da yaron kasuwa ya sani, shi ne manya ke mantawa ran da aka ce hukuma za ta yi gwanjo. Da an buga ƙararrawa an kira sunan mutum, sai ya ɗauka kaya sun zama nasa, ya tafi gida ana yi masa barka. Sau da yawa kuwa mai ƙararrawar nan dillali ne kurum, mai kaya yana can wani ofis, bai ko ji labarin tayin ba. Mutane da dama sun yi hasara saboda rashin sanin wannan. Amma laifin ba nasu ne su kaɗai ba. Dillalin Wudil in ya ce a dakata, ba ya rabin sa'a bai komo da amsa ba. Ofis kuwa ya kan ce a dakata, ya riƙe kuɗin mutum, a yi wata uku ba i ba a'a. Wannan al'ada ita ce ta kamata a yi wa magana, kuma ita ce ta kamata a kashe.

Abin da ya sa maganar ta shafi manoman rani

Ba inda wannan magana ta fi nauyi kamar ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga cikin 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwan Kogin Kano ke gangarowa ta manyan magudanai har gonakin waɗannan garuruwa, ba tare da an sa inji ya tura shi ba. Cikin 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, aikin ya koma hannunta. Ƙasar da a dā ba ta san kome ba sai gero da dawa da gyaɗa na damina, sai ga ta tana ba da alkama da shinkafa da masara da albasa, ga tumatir ana lodinsa kwando kwando a Kwanar Gafan zuwa Ikko da sauran garuruwan kudu.

Noman rani kuwa noman kayan aiki ne. Ana bukatar tarakta ta yi haro, ana bukatar injin ban ruwa ga wanda gonarsa ke gefen da ruwan kanal ba ya hawa, ana bukatar injin casa, da motar da za ta kai amfani kasuwa kafin ya lalace. Sabon kaya ya fi ƙarfin talaka. Don haka kunnen manomi ba ya barin labarin gwanjo: ko wata ma'aikata za ta rabu da tsofaffin motocinta, ko banki zai sayar da abin da aka jinginar masa, ko kotu ta ba da umurni a sayar da gonar wanda bashi ya ci. Dokar Tarayya ta 2007 wadda ta tsara yadda gwamnati ke saye da sayarwa ta ce in za a rabu da kayan gwamnati, a fara kimanta darajarsu, sa'an nan a sayar a fili inda kowa zai iya tayawa. Niyyar dokar mai kyau ce. Wurin da ake samun tangarɗa shi ne tsakanin ƙararrawa da sa hannu.

A ɗauki misali, ko da ya ke ba a nufin kowa da shi. Wani manomi a wajen Bunkure ya ji za a yi gwanjon tsohuwar tarakta cikin watan Oktoba. Ya sayar da shanun hudarsa biyu, ya haɗa da kuɗin shinkafar da ya girbe, ya tafi. Aka yi ta ƙari har kowa ya yi shiru sai shi, aka buga masa ƙararrawa. Ya biya kafin alƙalami, aka ba shi rasit. Ya komo gida ya gaya wa maƙwabta bana ba su da wahalar haro, har waɗansu suka ba shi kuɗin aiki tun kafin a fara. Abin da bai lura da shi ba, can ƙarshen takardar sanarwa akwai layi guda da ƙananan baƙaƙe, mai cewa ba a sayar da kome ba sai hukuma ta amince.

Alkama kuwa ba ta jiran ofis. Tana son a shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba, don ta yi girma cikin sanyin hunturu. Wadda aka makara da ita, zafin Maris ke tarar da ita tana zuba ido, sai ta motse. Mutumin nan ya yi ta sintiri, yau a ce masa fayil na teburin wane, gobe a ce kwamiti bai zauna ba. Sai cikin Janairu takarda ta fito, layi biyu: ba a amince ba, ya zo ya karɓi kuɗinsa. Ba tarakta, ba shanu, lokacin shuka ya wuce, ga maƙwabta na bin sa bashi. Ya tafi wurin lauya, lauya ya karanta sanarwar ya ce masa, "Malam, ba ka da hakkin tarakta. Hakkinka kuɗinka ne kurum."

Lauyan nan gaskiya ya faɗa, kuma ya kamata kowa ya san dalili.

Yaushe hakki ke tabbata?

Dokar ciniki da kotunan Nijeriya ke bi, asalinta daga Ingila ta zo, kuma a kan wannan batu ba ta saɓa da al'adar kasuwa ba. Sanarwar gwanjo kira ne kurum, a zo a taya. Abin da mai saye ya faɗa tayi ne. Ciniki ba ya ƙulluwa sai an karɓi tayin. Tun cikin 1789 aka yanke haka a Ingila, a shari'ar Payne da Cave, inda Cave ya taya wani kaya fam 40, sa'an nan ya janye kafin a buga guduma, kotu ta ce ba abin da ke kansa. Dokar Sayar da Kaya ta 1893 ta rubuta wannan a fili: gwanjo na cika sa'ad da mai gwanjo ya buga guduma, ko ya yi wata alama da aka saba da ita, kafin nan kuwa kowa na iya janye tayinsa.

To, daga nan gwanjo ya kasu. Akwai wanda aka yi shelar cewa ba a ƙayyade kome ba, duk wanda ya fi tayi shi ke da kaya. A irin wannan, mai gwanjo ba shi da ikon ya ga kuɗi sun yi kaɗan ya ɗauke kaya. Cikin shekara ta 2000 wata kotun ɗaukaka ƙara a Ingila ta duba shari'ar Barry da Davies. An kawo injuna biyu, kowanne sabonsa ya kai wajen fam 14,000, aka ce ba ƙayyadadden farashi. Mutum ɗaya ne ya taya, fam 200 kowanne. Mai gwanjo ya ƙi sallamawa. Kotu ta sa ya biya mai tayin diyyar fam 27,600, domin ya yi alkawari a bainar jama'a ya saɓa.

Akwai kuma gwanjon da aka ƙayyade kuɗin da ba za a sallama ƙasa da su ba. In tayi bai kai nan ba, ƙararrawa ba ta da amfani. Sa'an nan ga irin wanda ake magana a kansa, watau wanda aka rubuta cewa sai wani babba, ko kwamiti, ko kotu, ta amince. A nan ƙararrawa ba sallamawa ba ce. Abin da ta ke nufi kurum shi ne an rufe ƙari, kuma tayin wane ne za a kai gaban mai iko. Hakkin mai tayi a kan kaya ba ya haihuwa sai ran da mai ikon ya yarda, aka kuwa sanar da shi. Kafin wannan rana, kaya na mai su ne.

In abin da ake sayarwa ƙasa ce, sai an ƙara kula. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna, amana ga jama'a. Wanda ke da takardar zama ta Gwamna ba shi da ikon sayarwa ko jinginarwa sai da yardar Gwamna. Gonar karkara wadda ake riƙe da ita bisa al'ada, sai da yardar Ƙaramar Hukuma, in kuwa kotu ce ta sa a sayar da ita, sai da yardar Gwamna. Dokar ta ce abin da aka yi ba bisa wannan hanya ba, banza ne. Cikin 1989, a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo, banki ya tashi sayar da abin da aka jinginar masa, Kotun Ƙoli ta ce jinginar ba ta da ƙarfi tun da ba a nemi yardar Gwamna ba. Cikin 1995 kuma, a shari'ar Awojugbagbe da Chinukwe, kotun ta bayyana cewa ba laifi ba ne mutane su shirya yarjejeniya su rubuta kafin a sami yardar, sai dai abin da suka rubuta bai cika ba har sai an same ta. Saboda haka wanda ya ci gwanjon gona a bakin kanal, ya shiga ya zuba taki ya yi kunya kafin takarda ta fito, cinikin biri a sama ya yi.

Bayan sa hannu, hukuma ma ta ɗauru

Kada mai karatu ya zaci doka ta bar wa hukuma wuƙa da nama har abada. Da zarar an amince, an kuma sanar da mai tayi, igiyar da ta ɗaure shi ta ɗaure hukuma. Babban misalin wannan shi ne na masana'antar narka goran ruwa ta ALSCON da ke Ikot Abasi, cikin Jihar Akwa Ibom. Cikin Yuni 2004 hukumar sayar da kamfanonin gwamnati, watau BPE, ta buɗe tayin masu son saye. Wani kamfani mai suna BFI Group ya fi kowa, da dala miliyan 410, aka kuwa rubuta masa cewa an karɓa. Daga baya aka soke, wai bai biya kashi 10 cikin 100 a kwanaki 15 na aiki ba, aka sayar wa kamfanin RUSAL na Rasha. Gardamar ita ce daga yaushe za a fara ƙidayar kwanakin: daga ranar da aka aika da takarda, ko daga ranar da aka sa hannu a yarjejeniyar saye? Cikin Yuli 2012 Kotun Ƙoli ta ba BFI Group gaskiya. Ta ce ciniki ya riga ya ƙullu, ɓangare guda kuwa ba shi da ikon sāke sharaɗi shi kaɗai.

Darasi biyu ke nan. Na farko, amincewar da aka riga aka bayar ba a janye ta don an ga wani mai saye da aka fi so. Na biyu kuwa mai ɗaci ne: shekara takwas kamfanin nan ya yi kafin ya sami hukunci, bayan hukuncin ma aka ƙara shekaru ana jayayya a kan yadda za a cika shi. In mai dala miliyan 410 da manyan lauyoyi ya sha wannan wuya, ina labarin manomin da ya sayar da shanun hudarsa? Talaka ba ya iya sayen adalci da shekara takwas. Kariyarsa tilas ta kasance a rubuce cikin takardar sanarwa, tun kafin ya ɗaga hannu.

Abin da Shari'a ta tanada

Malaman Musulunci sun daɗe da sanin gwanjo, suna kiransa cinikin ƙari. An ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sayar wa wani mabukaci shimfiɗarsa da ƙoƙonsa ta wannan hanya, wani ya taya dirhami ɗaya, wani ya ƙara zuwa biyu, aka sallama masa. Abin da aka hana shi ne najashi, watau mutum ya yi ƙari ba da niyyar saye ba, sai don ya ruɗi wani ya ƙara.

Malaman Malikiyya, waɗanda littattafansu ne ake karantawa a zaurukan Kano, sun yarda a yi ciniki bisa sharaɗin zaɓi ko shawara, watau ɗaya ya ce sai ya duba, ko sai ya tambayi wani. Amma ba su bar ƙofar a buɗe ba. Sun ce lalle a yanka wa'adi, kuma wa'adin ya dace da irin kayan. A cikin Muhtasar na Shaihu Halilu an ba gida kamar wata guda, dabba kuwa kamar kwana uku. Risala ta Ibn Abi Zaid ta nuna cewa cikin kwanakin zaɓin nan, ciyarwa da hasara suna wuyan mai sayarwa, kuma ba ya halatta a sharɗanta biyan kuɗin kaya tun zaɓi bai ƙare ba. Dalilin da malamai suka bayar a fili ya ke: in ciniki ya tabbata kuɗin sun zama farashi, in ya warware sun zama rance, ba a kuwa yarda mutum ya ci moriyar kuɗin wani cikin wannan duhu ba.

A duba wannan hikima, sa'an nan a dubi takardar sanarwar da ke cewa sai an amince, ba ta faɗi wa zai amince ba, ba ta faɗi cikin kwana nawa ba, amma ta faɗi sarai cewa mai tayi ya biya kafin alƙalami nan take, in ya janye kuma ya yi hasararsa. An ɗaure ɗaya tamau, an saki ɗaya yana kiwo. Ba al'adar kasuwa ba ce wannan, ba kuwa tsarin malamai ba ne. Ko dokar Turawa ba ta san tayi marar iyaka ba, gama tun cikin 1866 wata kotu a Ingila ta ce mutumin da ya nemi sayen hannun jarin wani otal cikin Yuni, ba a amsa masa ba sai Nuwamba, ba tilas ya karɓa, tayinsa ya riga ya mutu don tsufa.

Hujjar masu ofis

Masu kare wannan sharaɗi suna da hujja, kuma adalci ne a saurare ta. Sun ce kayan gwamnati dukiyar jama'a ce. Akan sami 'yan gwanjo su haɗa baki tun a waje, su ce kada kowa ya ƙara a kan ɗan'uwansa, su saye motar da ta kai miliyoyi da kuɗin akuya, sa'an nan su koma gindin bishiya su raba riba. Akan kuma sami ƙaramin ma'aikaci ya ɓoye sanarwa don kada kowa ya zo sai mutanensa. In ba wani babba a sama da zai duba ya ce a'a, baitulmali ne zai yi ta zuba kamar rariya.

Wannan gaskiya ce, ba kuwa mai hankalin da zai ce a bar dukiyar jama'a ba mai tsaro. Amma hujjar ta tsaya ga a duba, ba ta kai ga a yi shiru wata uku ba. Mai tsaron da ke son ya san ko tayi ya kai darajar kaya, ai an riga an kimanta kayan tun kafin gwanjo, lissafin bai fi na yini guda ba. Jinkiri marar iyaka kuwa shi kansa ƙofar ɓarna ce, gama sai bango ya tsage ƙadangare ke shiga. Cikin makonnin shirun nan ne wanda bai zo gwanjo ba ke samun damar sanin abin da aka taya, ya bi ta bayan gida ya ɗora kaɗan a kai. Cikinsu ne kuma ake nuna wa mai tayi cewa fayil ba ya tafiya sai an shafa masa mai. Sharaɗin da aka sa don a hana cuta, in ba shi da wa'adi, shi ne ke zama abin cutar.

Akwai kuma hasarar da ba a lissafawa. Duk manomin da aka yi wa haka sau ɗaya, ba ya sāke zuwa gwanjo, maƙwabtansa ma da suka gani ba su zuwa. Sai fili ya rage wa 'yan haɗa bakin nan da ake gudu. Masu tayi suka ragu, farashi ya faɗi, baitulmalin da ake cewa ana tsarewa shi ne ya yi hasara.

Ba kuwa abu ne mai wuya a yanka wa'adi ba, don doka ta riga ta yi haka a wani wuri. Dokar da ke tsara yadda ma'aikatan kotu ke sayar da kayan wanda bashi ya ci ta ce, in an yi gwanjon gida ko gona, wanda ke ganin an yi kuskure babba yana da kwana 21 ya kai kuka, kuma sai ya nuna kuskuren ya cuce shi ƙwarai. In kwanakin suka wuce ba wanda ya yi magana, ciniki ya tabbata, a ba mai saye takardar shaida. Kowa ya san ranar da zai kwana da sanin matsayinsa. In kotu ta iya ɗaure kanta da kwana 21 a kan gida, me zai hana ma'aikata ta ɗaure kanta a kan tsohuwar tarakta?

Abin da ya kamata a yi

Duk hukumar da za ta yi gwanjo bisa sharaɗin amincewa, wajibi ne sanarwarta ta faɗi muƙamin wanda zai amince, da yawan kwanakin da zai ɗauka, da abin da zai faru in kwanakin sun wuce bai ce kome ba. Mafi ƙarancin adalci shi ne mai tayi ya sami 'yancin janyewa ya karɓi kuɗinsa cif, ba a cire ko kwabo ba. A rubuta ƙaramin farashin da za a yarda da shi tun kafin ranar, a rufe cikin ambulan, a buɗe gaban jama'a da an buga ƙararrawa. In an ƙi tayi, a rubuta dalili, kayan kuma su komo fili a sāke gwanjonsu, kada a ji sun sulale hannun wani a ɓoye. A karanta sharuɗɗan da Hausa, da babbar murya, kafin a fara. Kayan noma kuma a yi gwanjonsu da sauran lokaci, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙungiyoyin masu amfani da ruwa na Kura da Bunkure da Kadawa, waɗanda suka saba zama su tsara rabon ruwa da yashe magudanai, suna da bakin da za su nemi waɗannan abubuwa a madadin 'yan'uwansu, kuma muryar ƙungiya ta fi ta mutum guda kaiwa nesa.

Shi kuma wanda Allah Ya ba ikon karatu, ga inda karatunsa zai yi masa rana. Kafin ya sayar da ko tunkiya, ya nemi takardar sanarwa ya karanta ta har ƙarshe, ya fi kula da ƙananan baƙaƙen ƙasa, in da Turanci ne ya sa amintacce ya fassara masa layi layi. Ya tambaya a gaban mutane ko ƙararrawa ce sallama ko akwai sa hannu a gaba. Ya duba abin da aka rubuta a rasit, ko kuɗin kaya ne ko ajiya ce, da sharaɗin mayarwa. Kada ya gyara kayan, kada ya shiga gonar, kada ya karɓi kuɗin kowa a kansu, sai takardar amincewa ta shiga hannunsa, mai kwanan wata da hatimi. Maganar baki ta ma'aikaci, ko da ya rantse, ba ta tsayawa gaban alƙali kamar takarda. In an yi shiru, ya rubuta wasiƙa ya ajiye kwafinta. Dokar 'Yancin Samun Bayani ta 2011 ta ba kowane mutum ikon ya nemi bayani a rubuce daga ma'aikatun Tarayya, ta kuma ba su kwana 7 su amsa.

Sa'an nan kada ya riƙe sanin nan shi kaɗai. Ran gwanjo, mutum goma na iya tsayawa gaban takardar da aka manna a bango, mai iya karanta ta bai fi ɗaya ba. In ya ɗaga murya ya karanta wa sauran layin nan na ƙarshe, ya tsirar da shanun wani, ya kuma sa mai ƙararrawa ya san akwai masu ido a wurin. Idan kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya ba shugabanni ikon riƙon amana, Ya sa wa noman rani albarka, amin.